Marayun Kalanda a Nima

Ranar Talata, 19 ga Maris 2024, da hantsi, wayoyin mutum kusan talatin a Nima da Mamobi suka yi ƙara a lokaci guda. Kowa ya duba ya ga saƙo iri ɗaya: yau rabon kayan azumi, bayan La'asar, a farfajiyar makaranta. A ƙarƙashin saƙon kuma ga sunan mai gayyata, wato magatakardan ƙungiyarmu, mutumin da muka kai makwancinsa tun tsakiyar Disamba. Ran nan azumi ya riga ya haura mako guda, rabo kuwa an yi shi tun kafin a ga wata, buhunan ma an kakkaɓe su an ninke. Amma da La'asar ta yi, sai ga mata tara zaune a gindin bango da kwanoninsu, domin 'ya'yansu sun gaya musu abin da waya ta ce. Ni na fita na ba su haƙuri. Wata tsohuwa a cikinsu ba ta ce mini kome ba, ta dai kife kwanonta a ka, ta miƙe da ƙyar ta bi lungu. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi, domin laifin nawa ne.

Na kawo wannan labari cikin waɗannan darussa ne don kalmomin da ke cikinsa, waɗanda ɗalibi ba zai same su a ƙamus da irin ma'anar da suka ɗauka yau ba. Amma ba zan ɓoye ba, akwai kuma abin da yake ci mini rai da nake so in sauke.

Wanda bai san Nima ba, unguwa ce cikin Akara, birnin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Asalinta mashaya ce ta shanu: a 1931 Malam Amadu Futa ya karɓi filin daga gidan Odoi Kwao na Osu, don dabbobin da ake korowa daga arewa su huta kafin a kai su kasuwa. Yau babu inda saniya za ta kwanta, gida ya hau gida, lungu bai wuce faɗin kafaɗa biyu ba. Kotokoli da Zabarmawa da Moshi da Dagomba da Wangarawa da Fulani da Hausawa duk suna nan, kuma harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci shi ne Hausa. Sai dai Hausarmu ta zango tana da nata hali. Ba mu cika raba namiji da mace a nahawu ba, ɗ da ƙ da ɓ sun sassauta a bakin yawancinmu, kuma inda Bakano zai ce "kyau" mu "cau" muke cewa. Maganganun mutane da zan kawo nan na mai da su daidaitacciyar Hausa, don haka kada ɗalibi ya zo Nima yana sa ran jin su yadda na rubuta.

Ƙungiyar tamu ƙarama ce. Muna riƙe da makarantar dare, muna da asusun jana'iza, muna kuma tara abin da ya sauwaƙa don marayu da matan da mazansu suka rasu. Shekara da shekaru duk lissafinmu yana cikin littattafai masu baƙin bango da magatakarda ke ajiyewa a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, har damina ta shekarar 2015, wadda ambaliyarta ta ranar 3 ga Yuni ba ta fita daga ran mutanen Akara ba, ta jiƙa rabinsu. Bayan 'yan shekaru wani ɗan ƙanena da ya karanta kwamfuta a Legon ya ce zai raba mu da wannan fargaba. Ya yi mana hayar uwar garke a ƙasar waje, saboda halin wutar lantarkinmu, ya ɗora mata manhajoji biyu, ya koya mini abin da ya ga zan iya ɗauka, sa'an nan ya sami karatu a Jamus ya tafi. Ni malamin makaranta ne, ba masanin na'ura ba. Mabuɗin ya faɗo hannuna ne kawai don ni ne mai kwamfutar tafi-da-gidanka.

Ɗalibi ya lura da wannan kalma, "uwar garke". A bakin makiyayi, saniya ce babba da sauran ke bi. Masu fassara manhajoji suka aro ta suka ba babbar na'urar da ƙanana ke zuwa ɗiban bayanai a wurinta. Ni dai ta yi mini, musamman a unguwar da shanu suka kafa.

Manhajojin nan biyu, a nan ne duk matsalar take, kuma ban gane biyu ne ba sai da aski ya zo gaban goshi. Ta farko kundin sunaye ce. Aikinta ta san wane ne wane: sunanka, kalmar sirrinka, rukunin da kake ciki, ko kwamiti, ko malamai, ko mata. Ƙa'idar da irin wannan kundi ke bi ana kiranta LDAP, ta fito tun 1993, kuma masana na Jami'ar Michigan a Amurka suna cikin waɗanda suka tsara ta. Ta biyu ita ce mai riƙe da kalandu. Wannan ba ta ajiye kalmar sirrin kowa, duk wanda ya zo shiga sai ta tambayi kundi ko ya san shi. Amma kalandun kansu, da ranakun da ke ciki, da jerin waɗanda aka ba izinin gani ko na gyara, duk a nata rumbun suke, kundi bai san da su ba. Kamar gidan haya ne mai maigadi a zaure. Maigadi yana da takardar sunayen 'yan haya, wanda ba ya cikinta ba ya wucewa. In ka soke sunan mutum a takardar maigadi, ka hana shi shiga, amma ɗakinsa yana nan da kayansa, tagarsa a buɗe, maƙwabtan da ya ba izinin leƙawa suna ta leƙawa, kuma babu wanda ke da mabuɗin ƙofar.

Bayan an yi addu'ar arba'in ta magatakarda, a ƙarshen Janairu, kwamiti ya zauna ya ce a tsabtace kundi. Dalilin mai ƙarfi ne. Akwai wani da ya fita daga ƙungiya da rigima, har yanzu yana iya shiga ya ga sunayen matan da muke taimakawa. Akwai waɗanda suka koma Kumasi da Tamale, akwai biyu da suka tsallaka Libiya ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, akwai mamata uku. Aka ba ni sunaye goma sha ɗaya. Na zauna bayan Isha'i, na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge, ban kai minti goma ba. Da na zo kan sunan magatakarda na ɗan tsaya, na yi masa addu'a, na danna. Na kwanta ina jin na yi aiki.

Ga wani abin dariya da ɗalibai za su so. A fuskar manhajar, wadda da Turanci take, akwai wani maɓalli a gefen kowace kalanda da aka rubuta wa haruffa biyar: s, h, a, r, e. Bature yana nufin a raba da wasu. Bahaushe kuwa in ya karanta da idon Hausa, "share" ya gani, aikin tsintsiya. Wani dattijo a kwamitinmu ya yi shekara biyu yana tsoron taɓa wannan maɓalli, wai kada ya share mana ranakun taro. Mun yi masa dariya. Ashe shi da ke tsoron sharewa ya fi ni hankali, ni da na ɗauka sharewa ta ƙare magana. Hausa ma ta bambanta waɗannan ayyuka da kyau: ana share ɗaki, ana goge allo, ana soke suna, ana kashe aure ko magana. Abin da na yi soke suna ne. Ban share kome ba.

Daren ranar da matan nan suka zo, na kira ɗan ƙanena. Ya saurara, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kawu, kafin ka goge, ka duba abin da kowa ya mallaka?" Na ce ban san ana dubawa ba. Ya turo mini wani umarni da zan rubuta, ya ce zai nuna mini ragowar da aka bari. Na rubuta, sai ga jeri ya fito: kalandu goma sha bakwai, duk na mutanen da kundi ya ce bai san su ba. Ya ce masu wannan sana'a marayu suke kiransu. Na ce ai ko mu ma da haka za mu kira su.

Dabarata ta farko ita ce irin ta kowane jahili: na sake buɗe asusu da sunan marigayi, harafi da harafi, ina zaton kalandunsa za su gane shi su dawo. Ba su dawo ba. Ashe na'ura ba da suna take sanin mutum ba, da wata doguwar lamba ce da ake ba shi ranar da aka fara rubuta shi, kuma ba a maimaita ta. Sabon asusun takwara ne kawai. A Nima, inda in ka tsaya a bakin titi ka kira suna ɗaya mutum goma za su waiwayo, bai kamata wannan ya ba ni mamaki ba. Manyan kamfanoni sukan bar wa mai gudanarwa ƙofar da-na-sani: a tsarin Google na ma'aikatu ana iya maido da asusun da aka goge cikin kwana 20, a na Microsoft cikin kwana 30. Mu namu tsarin na gida ne, ba mu ajiye kwafin kundi ba, kuma ko da akwai irin wannan wa'adi, na riga na haura kwana hamsin.

Batun saƙon rabon azumi ya warware da sauƙi da na buɗe shi. A 2023 an yi rabon ranar Lahadi, 19 ga Maris, kwana huɗu kafin a ɗauki azumi. Marigayi, ko don gaggawa ko don hannu ya zame, ya zaɓi "a maimaita kowace shekara", bai kuma sa ranar tsayawa ba. Irin wannan umarni ba ya gajiya. Ƙa'idar rubuta ranaku da kusan duk kalandun waya ke bi, iCalendar, wadda aka fitar a 1998, ba ta rubuta taron shekara-shekara sau ɗari, layi ɗaya take rubutawa mai cewa a maimaita, wayar kowa kuma ta riƙa lissafawa da kanta har abin da hali ya yi. Lissafin kuma na shekarar Miladiyya ne. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da wajen kwana goma sha ɗaya, shi ya sa watan Azumi da na Ƙaramar Salla da na Babbar Salla, da Cika-ciki da Takutaha, suke ja da baya kowace shekara a kalandar bango. A 2015 an yi wa ƙa'idar ƙari don ta iya maimaitawa da lissafin wata, amma tamu manhajar ba ta san da shi ba, kuma ko ta sani, mu sai an ga wata muke ɗaukar azumi. Saboda haka marigayi da hannu yake shigar da waɗannan ranaku kowace shekara. Sau ɗaya ya yi kuskure, da yana raye kuwa da ya gyara cikin daƙiƙa biyar. Mu talatin da ya raba wa kalandar izinin gani kawai ya ba mu. Muna kallon kuskuren, babu mai ikon taɓa shi.

Akwai hanyar gyara, kuma ba mai wuya ba ce. Mai gudanarwa yana iya ɗauke kalanda daga hannun wanda ba ya nan ya danƙa wa wani, ko ya fitar da ita cikin fayil ɗaya mai ƙarewa da .ics ya zuba ta a sabon wuri. Akwai kuma umarni guda da ke share ragowar mutum gaba ɗaya, da kalandunsa da kome, ba kuma dawowa. A gajiye nake, kunya tana cina, har na rubuta wannan umarni na ƙarshe a kan sunan magatakarda, saura in danna. Abin da ya tsai da hannuna ba hikima ba ce. Na ga dai cikin kalandunsa biyar akwai wata da ban taɓa gani ba, sunanta "Laraba", kuma mutum ɗaya tak aka raba wa, wani yaro da ya taɓa yin karatun dare a wurinmu. Son sani ya sa na buɗe.

Abu huɗu ne a ciki, kowanne yana maimaituwa duk ranar Laraba da safe, tun 2020. Babu cikakken suna ko ɗaya. Harafi ne na ajami, sai alamar lungu, kamar "bayan famfo" ko "gidan mai koko", sai kalma biyu: olonka ɗaya. Olonka gwangwani ne da ake awo da shi a kasuwannin Gana, matsayinsa matsayin mudu ko tiya a Kano. Laraba kuwa ita ce babbar ranar kasuwar Nima, ranar da motocin hatsi da albasa da doya ke toshe titi tun asuba. Yaron nan na san uwarsa, shinkafa take sayarwa.

Ranar Laraba ta mako na gaba na je rumfarta. Na gaishe ta, na jira masu saye suka ragu, na ce, "Hajiya, wata magana ce ta kawo ni, game da Malam, Allah ya jiƙansa." Ta dube ni, ta ce wa yaron ya je ya sayo ƙanƙara, ko da yake azumi ake. Da ya tafi ta ce, "Ɗana, wa ya gaya maka?" Na ce babu wanda ya gaya mini, a na'ura na gani. Ta ce, "To, na'urar ba ta da amana."

Abin da ta gaya mini shi ne, shekara huɗu marigayi yana biyanta kuɗin olonka huɗu duk mako daga aljihunsa, yaronta yana kai wa gida huɗu, a ce musu daga wani bawan Allah. Ya roƙe ta kada kowa ya ji, har iyalinsa. Ta je jana'izarsa, ta yi kuka, ta ɗauka magana ta ƙare. Laraba ta zagayo, wayar yaro ta yi ƙara kamar kullum, yaro ya zo ya tsaya da leda huɗu a hannu. Ta ce, "Sai na ce masa me? In ce su daina ci don Malam ya mutu?" Ta auna. Mako ya sake zagayowa, waya ta sake ƙara, ta sake aunawa. Laraba goma sha huɗu ke nan, olonka hamsin da shida, a shekarar da kuɗin buhu ke tashi kamar ana hura shi. Ta buɗe mini littafinta na ga inda ta riƙa ja wa kanta layi. Ba ta ce jarinta ya raunana ba, amma na ga buhu uku a rumfar da na saba ganin goma.

Na dawo gida da nauyi iri biyu. Da na danna wancan umarni, da wayar yaro ta yi shiru, da Hajiya ta huta, gida huɗu kuma su rasa abincin Laraba ba tare da kowa ya san dalili ba. Da kuma na bar abin yadda yake, da mamaci ya ci gaba da ba da umarni, mai rai tana biya. Sa'an nan ga sirrin da mutum ya rufe shekara huɗu, na buɗe shi da dannawa ɗaya, ba da izininsa ba. Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma cikin abin da ta ce akwai cewa kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake bukatarsa. Na yarda da wannan, shi ne ma hujjar kwamiti. Amma dokar ba ta gaya mini wa ke bukatar kalandar "Laraba" ba, ƙungiya ko magada ko mata huɗun da ba su san da ita ba.

A nan na tuna da kakata. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zangogi suka girgiza, mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Kakata uwar adashi ce a lokacin, abin da a nan ake kira susu. Ta ce cikin mata ashirin da ke zubi, bakwai suka tafi a mako guda, wasu sun kwasa, wasu kwasarsu ba ta zo ba. Hukuma ta soke sunayensu a takardunta, amma a littafin kakata layinsu yana nan, ranar kwasar kowacce tana nan tafe. Ta yi shekara uku tana aika kuɗi Sakkwato da Ilori ta hannun fataken goro. Ina yaro na ɗauki wannan labari na jarumtaka ne. Sai da na zauna gaban jerin marayun nan goma sha bakwai na gane labarin aiki ne, irin aikin da ke rage wa wanda ya zauna bayan an soke sunan wanda ya tafi.

Ban kai maganar gaban kwamiti ba. Mutum goma sha biyu ba sa riƙe sirri a Nima, inda bangon ɗaki ba ya hana jin tari. Na je wurin limaminmu da Magajiya, shugabar mata, su biyu kaɗai. Tambayata ta farko ita ce ko shinkafar nan bashi ce a kan marigayi, domin in bashi ce sai an biya kafin a raba gado. Liman ya ce a'a. Abin da aka auna yana raye, in da saura, bashinsa ne. Abin da aka auna bayan rasuwarsa kuwa ba ya hawa kansa, domin wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta, ko da waya ba ta sani ba. Ya ce Hajiya sadaka ta yi da dukiyarta, ladanta yana wurin Allah, amma ba daidai ba ne mu bar ta da asara alhali mun ji. Magajiya ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Malam, ka bar mini wannan. Kai dai ka hana wayar yaron nan yin kuka da sunan mamaci." Kafin Salla ta sami mutum uku da suka ɗauki nauyin, aka mayar wa Hajiya kuɗinta a asirce. Ko ni ban san su wane ne ba, ban kuma tambaya ba.

Sauran aikin na hannu ne, ya ci mini dare huɗu. Kowace kalanda na fara fitar da kwafinta na ajiye, sa'an nan na nemi waɗanda aka raba wa na tambaye su ko suna amfani da ita. Tara babu mai so, na share su. Ta mutumin da ya fita da rigima ta fi ba ni tsoro: ya jera sunayen waɗanda asusun jana'iza ke bi bashi da ranar biyan kowa, ya kuma buɗe mata mahaɗi na kowa-da-kowa, irin wanda duk mai shi zai gani ba sai ya shiga da kalmar sirri ba. Wata biyu ina zaton na kulle shi waje, ashe tagar a buɗe take. Ita na fara rufewa. Kalandun ƙungiya kuwa, na taro da na makaranta da na jana'iza, ban danƙa su ga sabon magatakarda da sunansa ba. Na buɗe asusu da sunan muƙamin, "Magatakarda", na sa su a ciki, don in mutum ya sauka ko ya rasu a canza kalmar sirri kawai. Sarautunmu ma ai haka suke, ana naɗa Sarkin Zango a tuɓe ko ya rasu, sarautar tana nan. Na sha wahala wuri ɗaya: ko an mayar da kalanda hannun wani, kowane taro a cikinta yana ɗauke da adireshin wanda ya kira shi tun farko, sai da na bi su ɗaya ɗaya na sake rubutawa. Wasu wayoyin kuma suka riƙa nuna kowane taro sau biyu, tsoho da sabo, har sai da na karɓe su da hannuna na cire tsohon. Yanzu in an ce a cire wani, dakatar da shi nake fara yi, ya kasa shiga amma lambarsa tana nan, in duba abin da ya mallaka, in raba wa masu shi, sai bayan wata guda in soke sunan. Na rubuta wannan a takarda na manna a cikin murfin akwatin ƙarfen nan, wanda yanzu yake ɗakina.

Saura ɗaya. Cikin kalandun marigayi akwai wadda ya kira "Gida", matarsa kaɗai ya raba wa. Wannan ban buɗe ba, na koyi darasi. Na je na same ta, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mma, akwai wani abu na Baba da ke zuwa wayarki, ina so in san ko a tsayar da shi." Ta ɗauko wayar daga ƙarƙashin matashi ta nuna mini. Kullum ƙarfe takwas na dare saƙo yana fitowa, da sunansa a ƙasa: ki sha maganinki. Hawan jini gare ta, kuma mantuwa gare ta, shi ya sa mata tun da daɗewa.

Na yi mata bayani cewa zan iya mayar da shi cikin nata asusun, saƙon zai ci gaba da zuwa a kan lokaci, sai dai sunan da ke ƙasa zai zama nata. Ta ce, "In tuna wa kaina da kaina? Ai da ina iyawa da bai sa ba." Na ce akwai haɗari, duk ranar da aka sabunta manhajar ko aka ƙaura zuwa wata uwar garke, abin yana iya ɓacewa, ba kuma zan iya dawo da shi yadda yake ba. Ta ce, "Ranar da ya ɓace ya ɓace. Kai dai kada ya zama da hannunka."

Ɗan ƙanena bai ji daɗi ba, ya ce ragowa irin wannan ita ke jawo matsala daga baya, kuma na san gaskiya ya faɗa. Na fitar da kwafin kalandar ba tare da na karanta ba, na sa a ɗan ƙaramin ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, na ba babban ɗansu ya ajiye. In na rubuta umarnin nan mai nuna marayu, yanzu layi ɗaya yake fitowa, doguwar lamba da kalmar "Gida" a gabanta. Jiya da dare na wuce ta ƙofarsu wajen ƙarfe takwas, na ji jikarta tana cewa a kawo wa Mma ruwa.